Na Yi Kala a Gonar da Ba a Saki Ba

Ina gaishe ku duka cikin sunan Yesu Almasihu, wanda ya riƙe ni a ƙasar da ban san kowa ba. Yabo ga Ubangiji! Haba, ku amsa da ƙarfi mana, ai ba zaman makoki muke ba. Yabo ga Ubangiji!

Saboda baƙin da suka zo mana Kirsimeti, sunana Rahila. A ƙauyen nan aka haife ni, nan bayan Rimin Gado, a majami'ar nan aka yi mini baftisma. Shekara uku ke nan ina aiki a Ingila, a gidan kula da tsofaffi. Tun da na sauka kowa sai ya ce, "Rahila 'yar Turai, kin yi fes, kin yi ƙiba." To yau zan faɗa muku abin da hotunan waya ba su nuna muku ba. Saura ƙiris a dawo muku da ni da sunan ɓarauniya.

Ƙwarai, ɓarauniya. Kunnuwanku ƙalau suke.

Kun san yadda muka tashi. Ina shekara tara Baba ya rasu, ya bar mana gonar da in ka tsaya a wannan iyaka ka yi tari, na wancan gefen zai ce maka sannu. Kala ce ta cike mana giɓi. In maƙwabcinmu Alhaji Garba ya gama cire gyaɗarsa ya kwashe, sai ni da Inna mu shiga da kwano da 'yar fartanya, mu bi kunya-kunya muna tono abin da ya maƙale a ƙasa. Da wannan gyaɗar Inna take ƙuli da mai, da ita aka saya mini takalmin makaranta. Shi ya sa har yau in na ga ƙwayar abinci a ƙasa, bayana da kansa yake sunkuyawa.

Garin da aka kai ni a Ingila ba birni ba ne, ƙauye ne, gonaki ta kowane gefe. Amma wace irin gona! Guda ɗaya ta fi garin nan da maƙabartarsa da filin ƙwallo. Kuma ba mutum ko ɗaya a ciki, sai inji. Ka yi tafiyar rabin awa ba wanda zai ce maka sannu da aiki, ba kuma wanda za ka ce wa.

Ba zan ɓoye muku ba, can na yi sanyi da Ubangiji. Na je sujada sau biyu, na tarar da tsofaffi bakwai, ba ganga, ba tafi, kafin in gyara zama an tashi. Na ce wannan ba tawa ba ce. Ga shi aikin ranar Lahadi ya fi tsoka. Sai na mai da Lahadi ranar aiki, addu'ata ta koma "Ubangiji ka dai sani" a bakin ƙofa ina ɗaura igiyar takalmi. Ina turo muku hotuna cikin rigar sanyi, ina jin ni wata ce.

Da lokacin girbinsu ya zo, akwai wata gonar dankalin Turawa a hanyar da nake bi da ƙafa zuwa aiki. Inji ya zo ya kwashe. Da ya wuce, ga dankali nan birjik a ƙasa, ƙanana da waɗanda suka ɗan fashe. Na ce lalle gobe mata da yara za su cika wurin nan. Washegari ina zuwa sai na ga tarakta tana bi ta kai, tana binne shi.

Tana binne abinci, jama'a! Da rana tsaka!

Na tsaya na ɗora hannu a ka, na ce wayyo Allah. Abin da aka binne a gabana ran nan zai ci da unguwarmu har damina. Ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba. Da na koma gida na gaya wa Hannatu, wata 'yar Jos da muke haya tare, muke kuma aiki tare. Ko ɗagowa ba ta yi daga wayarta ba, ta ce, "Haka suke yi. Za ki saba."

Ban saba ba. Bayan mako biyu sai ga wata gonar a gaba kaɗan, an tuge albasa an bar ta a kwance a ƙasa. Kwana ɗaya, kwana biyu, har huɗu, ba wanda ya leƙo. Zuciyata ta ce, Rahila, wannan ma binne ta za su yi.

Ranar hutuna da safe na ɗauki buhu. A bakin gonar akwai ƙyaure, akwai allo an rubuta kada a shiga. Na karanta shi tsaf, ba zan yi wa Turancina ƙarya ba. Na ce wannan da ɓarayi suke, ni kala na zo. Na haura.

Sawu uku na yi a kwana uku. Da Hannatu ta ga buhu na biyu, ta ɗauki albasa ɗaya ta jujjuya, ta ce, "Rahila, anya? Wannan ta yi kyau da yawa a ce zubarwa aka yi."

Na ce, "Ke 'yar birni, me kika sani a gona? A kasuwa kika san albasa."

Na raba wa abokan aiki leda-leda, ina ta cika baki wai ni ce mai ceton abinci daga hannun masu almubazzaranci.

Ranar Litinin da hantsi ina ba wata tsohuwa kunu a baki, sai aka ce manaja tana kirana. Ina shiga ofis na ga 'yan sanda biyu, mace da namiji. Macen ta juyo mini da waya ta ce, "Ke ce wannan?"

'Yan'uwa, ni ce. Ga ni nan na duƙa, ga jan ɗankwalina, ga buhu. Ashe akwai kamara a jikin bishiya.

Na ce, "Ni ce, amma ai zubar da ita aka yi."

Ta ce, "Ba a zubar ba. Shanya ta aka yi ta bushe kafin a kwashe. Mai gonar ya kai ƙarar sata."

Sata! Sai ga ni zaune a ƙasan ofis. Ni Rahila, da ko allurar wani ban taɓa ɗauka ba? Suka ce in je caji ofis ranar Juma'a in ba da bayani. Suna fita manaja ta ce in ajiye katin aiki in tafi gida tukuna. Ta yi mini magana a hankali, amma ba ta rage komai ba. Ta ce wanda aka rubuta wa laifin sata ba ya aiki da tsofaffi, kuma takardar zamana a ƙasar a jikin aikin take. In aikin ya tafi, ni ma na tafi.

Na fito na kama hanyar gida. Abin da yake yawo a kaina ɗaya ne: in sauka a Kano, a tambaya me ya dawo da ita, a ce albasa ta sata. Ɗiyar Inna, wadda ikilisiyar nan ta ɗora wa hannu ta sallama.

'Yan ƙasarmu da ke can suka taru a kaina da shawara. Wannan ya ce in ce ban iya karatun allon ba. Wancan ya ce in tsaya a kan al'ada, in ce a garinmu duk abin da yake ƙasa na kowa ne. Na zaɓi ta biyun, har na rubuta a takarda ina haddacewa.

Ranar Talata da safe Hannatu ta tafi aiki, aka bar ni ni da buhu biyu a kicin. Gidan duk warin albasa. A nan na durƙusa, karo na farko cikin wata da watanni. Kuma ba tuba na fara da shi ba, faɗa na fara. Na ce, "Ya Yesu, kana gani suna binne abinci ba ka ce komai ba, ni da na tsinta ni ce ɓarauniya? Wannan adalci ne?"

Na yi ta yi har bakina ya gaji. Da na yi shiru, sai Ubangiji ya tuna mini da abin da na fi kowa sani.

Inna ba ta taɓa shiga gonar Alhaji Garba haka kawai ba. A kan iyaka take tsayawa, ta gaishe shi, ta ce, "Alhaji, an saki?" In ya ce, "An saki, ku shiga," mu shiga. Wata shekara ya ce, "Tukuna, sai jibi." Ran nan ba abin da aka ɗora a gidanmu, ga gyaɗa muna hange, Inna ta kama hannuna muka juya. Har na miƙa ƙafa zan tsallaka kunya, ta fizgo ni.

Wato al'adar da nake shirin fakewa da ita, ita ce ta fara kama ni. A garinmu ma sai an tambaya.

Kuma ni 'yar manomi ce. Na ga albasar nan a jere, layi-layi, manya, ba ko ɗaya da ta ruɓe. Wa yake jera abin da zai zubar? Can cikin raina na sani tun ranar farko, na danne.

Na kifa goshina a ƙasa na ce, "Ubangiji, na yi sata. Ba kala ba ce, sata ce. Ka gafarta mini. Ko za a kore ni, kada ka bar ni in ƙara ƙarya a kai." Na yi kuka kamar ƙaramar yarinya. Da na tashi na yage takardar nan.

Da Hannatu ta dawo na ce ta raka ni gidan mai gonar. Ta ce, "Kin haukace? Kai kanki za ki yi?" Na ce ai an riga an kai ni. Allah ya saka mata, ta kira tasi, muka loda buhunan.

Muka tarar da shi a tsakar gida yana gyaran tarakta, wani ƙaton dattijo, karnuka biyu suna ta haushi. Na sauke buhunan a gabansa, na zube gwiwa biyu cikin taɓo yadda muke yi wa manya. Bawan Allah ya firgita, ya yar da sifana ya ce, "Lafiya? Ba ki da lafiya ne? In kira motar asibiti?"

Na ce, "Lafiyata ƙalau. Ni ce na ɗebe maka albasa. Ga biyu, ɗaya mun riga mun ci."

Fuskarsa ta canja. Ya ce duk shekara sai an zo da mota an yi masa ɓarna, shi ya sa ya sa kamara, kuma ya gaji. Ya ce in tashi, ba ya son wannan durƙuson. Na tashi. Na ba shi labarin dankalin da aka binne, na ba shi labarin kala, har da tsayuwar Inna a kan iyaka.

Ya ce, "To ke me ya hana ki tambaya?"

Na ce, "Na san za ka ce a'a."

Ya sunkuya ya ɗauki sifanarsa. Sannan ya ce, "Bar buhunan, ku tafi." Shi ke nan. Bai ce ya yafe ba, bai ce bai yafe ba. A mota Hannatu ta ce, "Kin gama da kanki, yanzu ya ji daga bakinki."

Laraba da Alhamis na yi azumi. Na haɗa kayana a akwati, don ban ga ta inda zan tsira ba.

Ranar Juma'a na je caji ofis. 'Yar sandar nan ta zaunar da ni, na buɗe baki zan fara, ta ɗaga hannu. Ta ce mai gonar ya kira su tun ranar Laraba. Ya ce tun da yake noma ana yi masa sata, ba a taɓa dawo masa da ko ƙwaya ɗaya ba sai wannan karon, don haka ya janye ƙararsa. In rubuta takardar ban haƙuri, magana ta mutu, ba kotu, ba abin da za a rubuta a sunana.

Na ce ta maimaita. Ta maimaita. Jama'a, a cikin caji ofis na Turawa na ɗaga hannu na kurma "Halleluya!" har wani ya leƙo ta taga.

Yabo ga Ubangiji!

Ranar Litinin na koma aiki. Manaja ta ja mini kunne, abokan aiki suka sa mini suna Madam Albasa, har yau bai bar ni ba. Ranar Lahadi kuma na koma wurin tsofaffin nan bakwai. Yanzu mu tara ne da Hannatu, kuma na koya musu tafi, ko da yake har yanzu ba sa haɗa shi daidai.

Saura abu ɗaya, shi ne ya fi yi mini nauyi.

Shekara biyu ke nan da wannan abu, ban taɓa gaya wa kowa a gida ba. Inna, ga ki can a layin zumuntar mata. Yau kika fara ji, tare da kowa. Kin tuna makon da kika kira kika ce muryata ta shaƙe, na ce mura ce? Ba mura ba ce, Inna. Na iya durƙusa wa Bature cikin taɓo, na iya tsayawa gaban 'yan sanda, amma na kasa gaya miki. Kin koya mini daidai da cikinki ba komai, ni na je na karya koyarwarki da cikina a ƙoshe.

Kada ki rufe fuska, Inna. Ba ke kika yi abin kunya ba. Ki yafe mini.

Kun ji ta? Ta ce ta yafe. Fasto, ka ba ni minti ɗaya.

Na gode wa Yesu da bai bar ni in tsira da ƙarya ba, ya tsirar da ni da gaskiya. 'Yan'uwa, musamman ku matasa masu neman fita waje, duk abin da kuka ɓoye a ƙasan zuciya, ku kai masa yadda yake, da sunansa na gaskiya. Ni na kai masa tawa ina tsammanin ƙarshena ke nan, ga ni tsaye a gabanku. Ku dogara gare shi, ba ya yar da nasa.

Bari in je wurin uwata. Ubangiji ya albarkace ku, cikin sunan Yesu. Amin.