Jiƙaƙƙen Tawul a Kan Inji

A kasuwar Dholaikhal, wani direban keken haya mai batir ya dire injinsa a gaban Tofazzal makaniki. Tofazzal ya shinshina shi.

"Kawu, injin nan na wuta mai ƙarfin volt ashirin da huɗu ne. Batirinka fa?"

"Arba'in da takwas. An ce yana ɗauka."

"Yana ɗauka, in ba ka murɗa hannun gudu ya wuce rabi ba."

"Ni? Wallahi tafiyar kunkuru nake yi."

"Kunkurun ne ya cinye gawayin da ke kai wuta cikin injin har yana ƙauri? Wannan zaren da ya manne fa?"

"Tawul ɗina ne. Jiƙa shi nake in naɗe injin. Ai kaina ma haka nake yi masa in rana ta take."

"Kanka ba ya shan wuta ninki biyu. Zan kafa ƙusa ta tsayar da hannun a rabi."

"Haba! To a kan gada fa?"

"Me ke kan gada?"

Direban ya sosa ƙeya. "Surukina. Kullum sai ya wuce ni yana kaɗa min ƙararrawa."

Tofazzal ya ɗauki guduma. "Gobe ma zai wuce ka, Kawu. Kana bisa keke kake so ya wuce ka, ko kana turawa?"