Akwatin Zannuwana da Jirgin Inna Kulu

Ina gaishe ku duka a cikin sunan Yesu Almasihu, wanda ya ciro ni daga ramin da na haƙa da hannuna. Ku ce Amin! Uwar Zumunta, na gode da kika ba ni fili, amma don Allah ki ajiye ƙararrawar nan, yau sai na amayar da abin da ke cikina.

Ga baƙin da ba su san ni ba, ni ce Maman Talatu, tela, shagona yana bayan tasha. Aure ne ya kawo ni Bagudo daga kudancin Kaduna. Maigidana gyaran injin ban ruwa yake yi wa masu noman shinkafa. Ba mu da yawa, amma ba mu taɓa kwana da yunwa ba. Ni ce dai na ga kamar abin da Allah ya ba mu bai kai girmana ba.

Ciwona anko ne. Kuna dariya? Ku yi, ai tare muka yi jinyar. Biki anko, suna anko, taron zumunta anko, har jana'iza sai mun fitar da zane iri ɗaya kamar mamacin zai tashi ya duba. Ina da wani akwatin ƙarfe a ɗaki, sai na hau kansa na zauna kafin ya rufu. Duk da haka in aka ce ga sabon zane, hannuna ne farkon tashi sama.

Sai shaiɗan ya raɗa mini dabara. Ya ce, ke da kike tela, me zai hana ki riƙa ɗauko atamfar da kanki daga kasuwar Lolo ta bakin iyaka, ki raba wa mata, ki ci riba, ki samu naki turmin a kyauta?

Kun san yadda ake yi a Lolo. 'Yan kasuwar da ke tsallakowa daga Benin ba sa ba baƙuwar fuska bashi, kuma ba ruwansu da takarda. Sai an samu wanda suka sani ya ɗora hannu a kan kayan ya ce ya tsaya miki. In kin gudu, ba ke za su nema ba. Mai hannun za su kama.

Ni kuwa ina da Inna Kulu. Tsohuwa ce Musulma, mai sayar da bandar kifi, na daɗe ina sayen kifi a wurinta, ni ce kuma nake ɗinka wa jikokinta kayan salla. Mijinta ya rasu ya bar mata jirgin ruwa guda, ɗanta ke shiga kogi da shi, gidan kaf daga jirgin nan suke ci. Na je na yi mata daɗin baki. Ta kai ni wurin wata Hajiya Bintu, Badendiya daga Benin mai atamfa, ta ɗora hannunta mai ƙaurin hayaƙi a kan dilar ta ce, "Wagga ɗiyata ta. Ni nat tsaya mata."

Ɗiyarta! Ni da ba addininmu ɗaya ba, ba garinmu ɗaya ba.

Hajiya ta faɗi kuɗin kaya da sefa, kuɗin ƙasarsu. Na juya shi zuwa naira a kaina a ranar, na ga riba, na yi murmushi, ban ƙara juya shi ba. To ku ji wauta! Na ɗauko kaya da sefa, na zo na raba muku da naira, kuma bashi. "Maman Talatu, sai an yi albashi." "Maman Talatu, sai an sayar da shinkafa." Ni kuma don a ce ina da kirki, sai in ce ba komai, ɗauki, ai mu 'yan'uwa ne.

Ba zan kira sunan kowa ba. Amma daga nan inda nake tsaye ina hango zanen nan mai ganyen kore a jikin wasu, kuma ni da su da Allah mun san zancen. Ku daina sunkuyar da kai, ba don ku na hau nan ba.

Ɗan abin da aka biya ma, ina ya tafi? Na sayi janareta, wai tela kamata ba ta ɗinki da keken ƙafa. Na sake labule. Ranar gwanjon godiyar kaka kuwa, kun tuna zakaran nan? Ni da wani ɗan'uwa mai shagon magani muka yi ta ɗaga murya, ana kiɗa, ana guɗa, har na saye shi a kuɗin da zai sayi akuya. Kuka tafa mini, Fasto ya sa mini albarka. Kuɗin Hajiya Bintu ne kuka tafa wa! Zakaran ma tsoho ne, sai da ya cinye mini itace kafin ya dahu.

Ana nan sai naira ta zube. Kowa ya san lokacin, ba sai na faɗa ba. Na je wurin ɗan canji da abin da na tara, ya ƙirga mini sefar da ta rage a tafin hannu, na ce masa ko dai ya yi kuskure. Ya ce, "Madam, ke ce ba ki zo da wuri ba." Ashe ina barci bashin yana girma, ina coci yana girma, ina cin zakara yana girma.

Me na yi? Na daina zuwa Lolo. Maigida ya tambaye ni ina kifin Inna, na ce kifin Lolo yanzu yashi ya yi masa yawa. In na ga lambar da ban sani ba sai in kife wayar.

Addu'a kuwa na yi ta, kada ku ce ban yi ba. Na yi azumi har na rame. Amma wace irin addu'a? "Ya Ubangiji, ka aiko mini da mai taimako." Ina cewa Amin ina duba waya ko alat na kuɗi ya shigo. Na roƙi Allah ya sa Hajiya ta manta. Duk ranar da na ji an ce an tsaurara a kan iyaka, sai in ce Haleluya, an amsa mini! Kamar kogi ya san ƙofa, alhali ta ruwa su Hajiya ke tsallakowa. Ku duba fa, mace mai 'ya'ya, mai waƙa a gaban coci, tana roƙon Allah ya taya ta cin amana. Ko sau ɗaya ban ambaci sunan Inna Kulu a addu'ar nan ba.

Wata rana da hantsi ina shago sai na ji sallama. Na ɗaga kai, ga Inna a bakin ƙofa, ta hawo mota tun daga Lolo. Na shimfiɗa mata tabarma, na kawo ruwa, ina ta gaisuwar da ba ta ƙarewa don kada ta samu fili.

Ba ta ce mini komai a kan kuɗi ba. Ta kwance ƙullinta ta ba ni kifi, wai in kai wa yara. Sannan ta fito da tsofaffin rigunan jikokinta, ta ce salla ta matso, in sassauta su in ƙara musu tsawo. Ta ɗora wani zanenta da ya yage a gefe ta ce in yi masa faci.

Inna da ke zuwa mini da sabuwar atamfa kowace salla! Na ce, "Inna, lafiya? Kasuwa ce babu?"

Ta ce, "Kasuwa lahiya lau, ɗiyata. Kihin na ba ni ka cin kuɗinai ba."

Na ce ban gane ba. Sai ta ce, "Tun da kid daina zakuwa, kowace kasuwa kwando guda nika kai ma Hajiya. To sefa ta hi kihi gudu. Yanzu ta ce in ruwa ya janye ba a biya ba, jirgi za ta ɗauka." Ta gyara lulluɓinta ta ƙara da cewa, "Ban zaka don in tambaye ki ba. Hannuna na, ni nis sa shi."

'Yan'uwa, an ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Ni na ja, tsohuwar nan ruwa yake doka, ni kuma ina cikin inuwa da janareta.

Na raka ta tasha na dawo. Na sa zanen nan nata a ƙarƙashin allura, na kasa kunna keke. Zanen ya kode har ana ganin haske ta cikinsa, ƙaurin hayaƙin banda yana tashi daga jikinsa. Na sauka na durƙusa a kan ƙyallayen da ke ƙasa, rana tsaka, ƙofa a buɗe, ban damu da masu wucewa ba. Na ce, "Yesu, na gaji da kaina! Ƙarya nake yi maka tun tuni. Ba mai taimako nake nema ba, wanda zai ɗauki kayana nake nema, ga shi kuwa na samu, tsohuwa ce. Kada ka bari a ɗauki jirgin nan. Ka nuna mini abin da zan yi, ko mai ɗaci ne zan sha."

Ban ji murya daga sama ba. Alat bai shigo ba. Abin da ya faɗo mini a rai shi ne akwatin nan da nake hawa kafin ya rufu. Na yi ta ƙoƙarin in tuna wani abu dabam, akwatin ya ƙi matsawa. Wata da watanni ina cewa Allah ya buɗe mini ƙofa, ashe murfi yake jira in buɗe.

Da maigida ya dawo na faɗa masa komai. Bawan Allah ya ce, "Maman Talatu, wato har da zakaran?" Na ce har da shi. Ya ce, "Shi ya sa ya tsaya mini a wuya." Ransa ya ɓaci ƙwarai, kuma yana da gaskiya. Amma washegari shi ya ɗaure janaretan a bayan mashin ya je ya sayar.

Ranar kasuwa na juye akwatin a buhu na nufi Lolo. Na shimfiɗa tabarma kusa da kwandunan Inna, na baje zannuwana. Wasu sau ɗaya na ɗaura su, wasu ko ɗinki ban yi musu ba. Mata suna ɗagawa, suna shinshinawa, suna taya mini rabin kuɗi, ni kuwa ina cewa kawo. Kunya kamar ƙasa ta tsage in shige.

Kun san abin da ya fi ba ni haushi a ranar? Wata 'yar'uwa daga cikinmu ta zo wucewa, zanen mai ganyen kore a ƙugunta, ko sisi ba ta ba ni a kai ba. Ta tsaya ta ce, "Ayya, Maman Talatu, abin ya kai haka?" Sai ta durƙusa ta ɗauki leshina ta ce in ba ta, sai ƙarshen wata! Ubangiji ne kawai ya riƙe mini harshe. Na ce mata, "Yau hannu da hannu ne." Wannan ne karo na farko a rayuwata da na hana bashi, kuma ban mutu ba.

Ban bar kuɗin ya kwana ba. Daga tabarma sai wurin ɗan canji, daga nan sai rumfar Hajiya Bintu, Inna tana biye da ni. Hajiya ta ƙirga ta ce da saura, kuma da yawa. Na ce na sani. Na ce, "Hajiya, abu ɗaya nake roƙo. Ki cire hannun Inna daga kan bashin nan. Ina da keken ɗinki, shi ne abincina. In na ƙara ɓacewa, shi za ki ɗauka."

Ta dube ni daga sama har ƙasa ta ce ita ba ta san ni ba. Na ce ai yanzu kin san ni, ni ce wadda ta gudu. Ta yi dariyar da ba ta shirya ba, ta turo mini wata dila da ƙafa. Na ɗora hannuna a kai. Ta juya ta ce wa Inna, "Jirginki naki ne."

Inna ba ta yi guɗa ba. Ta ce Alhamdu lillahi, ta koma wurin kifinta, don masu saye suna jira.

Kada ku ɗauka daga nan daɗi ya fara. Fiye da shekara na yi ina taka keke da ƙafa, kowace kasuwa ina kai abin da ya samu. Miya ta koma kuka da daddawa. Zane biyu na bar wa kaina, in na wanke wannan in ɗaura wancan. Na je bukukuwanku ba anko, na ji abin da ake faɗa a bayana, wai Maman Talatu ta karye. E, na karye, amma barci nake yi har da minshari, waya kuma ko wace lamba ce ɗauka nake yi. Kifin da Inna ta yi ta kaiwa a madadina ma sai da muka yi rigima kafin ta yarda ta karɓi kuɗinsa kaɗan kaɗan.

Kasuwar da ta wuce na kai wa Hajiya sefar ƙarshe. Yabo ga Ubangiji! Da na fito na gangara bakin kogi, na tarar ɗan Inna yana turo jirgin nan daga ruwa, jikokinta suna rige-rigen kama igiya. Tsohon jirgi ne, duk faci, ba wanda zai kalle shi sau biyu. Na tsaya ina kuka kamar yarinya, saboda saura ƙiris in mayar da shi zanen da zan cusa a akwati in hau kai in zauna.

Ɗazu an sanar da sabon anko na taron shekara, aka ce mai so ta ɗaga hannu. Na ga wasu suna waiwayo ni. Ban ɗaga ba, kuma ba zan ɗaga ba. Da wannan zanen zan je, Yesu ya san ni a cikinsa. Mai kuɗinta a hannu ta saya, Allah ya sa albarka. Wadda kuwa za ta ce sai an yi albashi, ina roƙon ki, 'yar'uwata, ki tambayi kanki tukuna: hannun wa ke kan kayan nan, kuma me za a ɗauke masa?

Na gode wa Ubangiji da bai amsa addu'ata ta farko ba. Ku dogara gare shi, ku gaya masa gaskiya, kuma in ya nuna muku akwati, ku buɗe. Uwar Zumunta, yanzu ki kaɗa ƙararrawarki. A cikin sunan Yesu, Amin.