Allurar da Ba a Yi wa Bake Ba

Mai girma shugaban taro, mai girma magajin gari, sarakuna iyayen ƙasa, ungozomomi, iyaye mata da ke tsaye a rana can baya, jama'a baki ɗaya, ina gaishe ku. Na gode da aka tuna da ni, Sabi Tori, tsohon malamin kimiyya, a ranar buɗe sabon ɗakin haihuwa. An ce in yabi ginin. To, fentinsa ya yi kyau.

Da farko, ga darasin da na koyar har muryata ta dushe. A cikin jini akwai 'yan tsaro da jiki ke ƙerawa. Su ke nuna wa dakarun jiki abokin gaba, su ke hura wutar kumburi, su ne kuma ke cewa a tsaya haka. Amma idan jinin uwa ya saɓa da na ɗanta ta wata fuska, a haihuwar fari jikinta kan ɗauki jinin ɗan a matsayin baƙo, ya ƙullace shi. Waɗanda suka biyo baya, tun suna ciki ake far musu.

Maganin kuwa allura ce, ita ma 'yan tsaro ne a cikinta, masu hana jikin uwa ƙulla wannan gaba. Da zarar an haifi na fari ake yin ta. In lokacin ya wuce, ya wuce.

'Yata Bake a tsohon ɗakin nan ta haifi na fari. Na tambayi allurar, aka ce da ni, "Malam, nan ba aji ba ne. Je ka kawo mata sakwara da miya mai zafi." Biyun da suka biyo baya sun zo da ciwon shawara, jiki kamar garin ɗorawa, ba wanda ya ga ranar suna. Uwar mijinta tana faɗa a kasuwa wai cikin Bake cin 'ya'ya yake. Yanzu ga Bake da ciki na huɗu. Jiya ta ce, "Baba, kai da ka yi karatu, wannan zai zauna?" Na ce mata ta ci abincinta kada ya huce.

Ba don ita nake roƙo ba, nata ya wuce. Ku gwada jinin kowace mai cikin fari. Ku ajiye allurar nan. Na san za ku tafa, na kuma san ba za ku yi ba.

Allah ya mai da kowa gida lafiya, Allah ya sauki matanmu lafiya. Bake kuwa, mai sauran fata a cikinku ya yi mata addu'a, ni abin da na sani ya ɗaure mini harshe.

Na gode.