Kan Mawaƙi a Shafin Tsakiya

A teburin mai jarida a Agege, Yusha'u mai aski da wani ɗan okada suka dafa mujallar hip-hop ɗaya da ta rage.

"Malam, na riga ka," in ji Yusha'u.

"Haba oga! Baitocin waƙa nake so. Kai fa?"

"Hoton tsakiya. Samari askin mawaƙin nan suke nema, ban san irin askin ba, sai su tafi wani shagon. A bangon mujallar kuma sunanta ya rufe masa kai."

"To buɗe mu gani."

Yusha'u ya buɗe shafin tsakiya. Ɗan okadan ya fashe da dariya.

"Oga, ai ƙwal-kwabo ne!"

"Alhamdu lillahi! Wannan tun a ƙauye nake yinsa. Riƙe baitocinka, cire hular nan, da kai zan fara."