Ƙuri'ar Doreen

A ɗakin jiran jirgin ƙasa na Kirkthorne, Hilda Thackray ta ga dattijon da ke gefenta yana karanta labarin zaɓe a jarida, sai bakinta ya ƙi shiru.

"Bawan Allah, tun da aka soke mazaɓarmu aka haɗe mu da 'yan birni, zaɓe ya daina daɗi. Ka tuna Wilfred Ackroyd mai shagon takalma? Duk zaɓe sai ya tsaya, duk zaɓe sai ya sha ƙasa."

Dattijon ya ce, "An ce mutumin kirki ne."

"Kirki kam akwai. Amma in ya fara jawabi, har karnuka gyangyaɗi suke yi."

"Ai akwai shekarar da saura ƙiris ya ci, baiwar Allah."

"Ina zai ci, matarsa ma ba ta zaɓensa? Doreen da bakinta ta gaya mana a wurin gyaran gashi."

Dattijon ya ninke jaridar a hankali. "Doreen? Ita da take manna mini hotuna cikin ruwan sama?"

Sai yanzu Hilda ta dube shi da kyau, ta dafe ƙirji. "Wayyo, kai ne? Ka rufa mini asiri! Ai so ne ya jawo. Cewa ta yi in ka ci, London za ka tare, wa zai riƙa kai mata shayi har gado?"

Ya shafa gashin bakinsa.

"To," in ji shi, "daga gobe ita za ta riƙa kawowa."