Goggo Bahaguwa da Kwamfutar Falo

Wayyo, ku tsaya ku ji wannan! Yau a layin riga-kafi ina jijjiga jaririna, sai na ji wata matashiya da wata dattijuwa mai riƙe da jika suna hira a bayana.

"Mama, hoton awon cikina na ɓoye a kwamfutar falo," in ji matashiyar. "Na taɓa yin ɓari, shi ya sa muka yi shiru. Kawai sai dangi suka fara kira suna mini barka!"

"Innalillahi! Wa ya buɗe?"

"Goggon mijina. Kullum na dawo aiki sai in tarar da maus a hagu, ita kaɗai ce kuwa bahaguwa a gidan."

"Kai, amma ba ta iya ba! Ai inda aka same shi ake mayarwa."

"Na'am, Mama?"

"Ba komai, 'yata. Me kika sa a kalmar sirri?"

"Ranar aurenmu."

"Ranar da ta fi kowa rawa? Canza yau ɗin nan, ki riƙa kullewa ko banɗaki za ki. Kada kuma ki sa sunan yaro. Matar ɗana haka ta yi, gwaji ɗaya na buɗe."

"Ke ma, Mama?"

"Ni ai dubawa kawai nake, ba na yaɗawa."

Wallahi nan take na tuna sunan jaririn nan nawa ne a tamu kwamfutar, surukata kuma ita kaɗai na bari a falo! Don Allah ku gaya wa 'yan'uwa mata, ni gida na nufa.