Ranar da Muka Hana Goggo Shara

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma shugaban wannan taro, wakilin ma'aikatar ilimi da 'yan rakiyarsa, shugaban ƙungiyar iyaye da malamai, dattawan unguwa, iyayenmu mata da suka cika rumfar nan tun da hantsi, malamai abokan aikina, da ku 'ya'yana masu leƙe ta sababbin tagogi, ina yi muku barka da zuwa, ina yi mana barka da ganin wannan rana.

Godiya ta tabbata ga Allah da ya nuna mana buɗe waɗannan azuzuwa. Muna gode wa gwamnati da ta ji kukanmu, muna gode wa ma'aikatan da suka sha rana a kan rufi, muna gode wa maƙwabta da suka jure ƙarar guduma.

An ce ni shugabar makaranta in yi bayanin yadda muka samu tallafin gyaran nan. Zan yi, amma fa sai na tona asirin unguwarmu, don haka kowa ya gyara zama.

Na farko, abin da ya kai mu nema. Kun san yadda ajin 'yan shida yake. Bango ya tsage daga sama har ƙasa, kwanon rufi duk ya huje, in hadari ya taso sai malam ya ajiye alli ya koma jera bokitai. Mun riga mun yanke cewa in damina ta sake tarar da mu a haka, rufe ajin za mu yi, mu tura yara makarantar da ke ƙetaren babban titi. Iyaye da yawa sun faɗa mini ido da ido cewa 'ya'yansu ba za su tsallaka titin nan ba, sai dai su zauna a gida. Hankalina ya tashi ƙwarai, domin yara ne da jarrabawa ke gabansu.

Na biyu, abin da ya hana mu samu. Mun rubuta, mun kai, aka ce za a turo jami'ai su gani da idonsu. Nan da nan labari ya karaɗe unguwa, baƙi na tafe! To, kun san halinmu, ba ma yarda baƙo ya ga kasawarmu. Kafin in farga, magini ya liƙe tsagar bango ya shafa farar ƙasa. Tela ya ɗinka labule ya rufe karyayyun tagogi. Kafinta ya kwaso bencinan shagonsa ya jera. Ita kuwa Goggo, kakar unguwar nan, wadda ke zaune can gaba tana hararata, ta tara mata aka share harabar nan tas, har mutum na iya shanya wanki a ƙasa. Jami'ai suka zo, suka zaga, suka yaba. Babbansu ya ce, "Malama, kin iya riƙon makaranta. Ai ku da sauƙi." Aka kai tallafin wani wuri. Shekara ta zagayo muka sake nema, kuka sake yi mini irin wannan alheri, har da tukwanen fure. Aka sake yaba mana, aka sake wuce mu.

Na uku, abin da ya sa muka samu. Bana na tara ku na roƙe ku abu mafi wuya, na ce don Allah kada kowa ya gyara komai. Magini ya ce, "Malama, ko 'yar shafa?" Na ce ko 'yar shafa. Goggo ta ce, "'Yar nan, so kike a ce jikokinmu a juji suke karatu? Da raina?" Na ce, "Goggo, so nake a ga inda suke karatu." Amma na san halin Goggo, sai na lallaɓa na karɓe tsintsiyarta na kulle a ofishina.

Ranar da baƙi suka dawo, liƙin bara ya riga ya zube, tela ya kwashe labulensa yana ƙunƙuni. Goggo ta zauna a bakin ƙofa, ta ja mayafi ta rufe fuska don kunya. Babban jami'in ya tsaya a bayan ajin 'yan shida, ya kai idonsa kan tsagar bango, sai ya hango yara a ciki suna rubutu a kan cinya. Can ya juyo ya ce, "Anya nan na zo bara?" Kafin in buɗe baki Goggo ta yaye mayafi ta ce, "Nan ne, ɗana. Mu muka rufe maka ido. Waccan da ke zaune kusa da tsagar jikata ce." Sai ta miƙe ta shige gaba, ita da ta fi kowa ɓoyo, ta zaga da shi lungu-lungu, har banɗakin da ni kaina nake jin nauyin nunawa. Wallahi ranar na yi hawaye, kuma ban ɓoye ba.

Jama'a, ga sakamakon a gabanku. Ga bango, ga rufi, ga kujeru. Ruwan farko ya sauka, malam bai ajiye alli ba, babu kuma yaron da ya tsallaka titi, babu wanda ya zauna a gida. Ina ganin shugabannin wasu makarantu a cikinmu, in za a zo muku dubawa, ku fara ɓoye tsintsiya.

Saura alƙawari ɗaya da ke kaina. Goggo, ga tsintsiyarki. Kin yi mana shara mun gode, amma ranar da kika haɗiye kunya kika bar ta, ranar kika yi wa jikokinki rufi. Daga yau ki share yadda kike so, babu sauran abin ɓoyewa.

Allah ya saka wa duk wanda ya sa hannu da alheri. Allah ya ba mu ikon riƙe wannan gini da amana, ya ba yaranmu ilimi mai amfani, ya kai irin wannan farin ciki ga makarantun da ke jira, ya mayar da kowa gidansa lafiya.

Na gode.